Babu Takarda, Ga Kyanwa, Ga Wa'adin Kwana Bakwai

Anti, ina cikin damuwa. Shekara biyu da wata huɗu ke nan ina haya a wani sashe mai ɗaki biyu, a gidan da muke mu huɗu 'yan haya. Mai gidan ba ya zaune tare da mu. Ranar da na tare ba mu rubuta komai ba, ya ce shi mutum ne mai magana ɗaya, ba ya buƙatar takarda. Duk ƙarshen wata ina tura masa kuɗi ta banki, ban taɓa yin latti ba. Ina da kyanwa, ta mahaifiyata ce da ta rasu, da ita na shigo gidan, har yau a kan tsohon bargon Mama take kwana. Ya sha ganin ta bai taɓa cewa komai ba. Makon jiya sai ga saƙonsa a waya: ya hana ajiye dabba a gidansa, in rabu da ita cikin kwana bakwai ko in kwashe kayana. Na ji cewa wata sabuwar maƙwabciya ce ta kai ƙara. Wata ƙawata ta ce tunda babu takarda ba ni da haƙƙin komai. Wata kuma ta ce tunda babu takarda shi ma ba shi da ikon hana ni. Ina tunanin in ce masa na bayar da ita, in ɓoye ta a ɗaki, ko kuma in riƙe kuɗin wata mai zuwa har ya sauko. Me zan yi?

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma wurin da na tsaya a karo na biyu shi ne maganar bargon nan. Saboda haka ba za ki ji na ce miki "ai kyanwa ce kawai" ba. Na san za a faɗa miki haka, wataƙila ma an riga an faɗa. Wanda bai taɓa shiga ɗaki bayan rashi ya tarar da wani abu mai rai yana jiran sa a inda mamaci yake zama ba, ba zai gane abin da ake nema ki rabu da shi ba. Amma gidan ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina so ki fita daga wannan al'amari da duka biyun a hannunki.

Ƙawayenki biyu kowacce ta riƙe rabin gaskiya, ta saki rabi. Bari in fara da ta farko, domin maganarta ce ta fi hana ki barci.

Takarda shaidar yarjejeniya ce. Ita yarjejeniyar kanta ta ƙullu tun ranar da ya miƙa miki makulli kika miƙa masa kuɗi. Daga ranar kin zama 'yar haya, kuma duk wata da kika tura kuɗi ya karɓa, ya sake tabbatar da hakan. Sau 28 ke nan. Dokokin ƙasashe da yawa sun daɗe da amincewa da hayar baka. A Ingila tun 1677 aka kafa dokar da ta wajabta rubuta wasu yarjejeniyoyi, amma aka ware gajeriyar haya wadda ba ta wuce shekara uku ba, kuma dokar kadarori ta 1925 ta bar wannan sassauci yadda yake. A mafi yawan jihohin Amurka, hayar da ba ta wuce shekara ɗaya ba tana ƙulluwa da baki. A Jamus, idan aka yi niyyar haya ta fiye da shekara amma ba a rubuta ba, doka ba ta soke ta, sai dai ta ɗauke ta a matsayin haya marar ranar ƙarewa. Abin da ya haɗa su duka shi ne, wanda ke zaune a gida da izinin mai shi, yana biya ana karɓa, ba baƙon da za a ce masa "tashi" ya tashi ba ne.

Irin zamanki, lauyoyi suna kiran sa hayar wata-wata: kowane wata yana sabunta kansa har sai ɗayanku ya ba ɗaya sanarwa yadda doka ta tsara. A galibin wurare mafi ƙarancin wa'adin da ake ba mai biyan wata-wata shi ne wata guda cif, a rubuce, a wasu wuraren kuma ya fi haka nesa. A Jamus wata uku ne mafi ƙaranci, yana ƙaruwa idan ɗan haya ya shekara biyar, ya sake ƙaruwa idan ya shekara takwas, kuma dole mai gida ya kawo dalilin da doka ta yarda da shi. Kwana bakwai ta saƙon waya, ga mai biyan wata-wata da ba a bin ta ko sisi, yana da wuya ƙwarai ya tsaya a gaban alƙali. Ko wa'adin da ya dace ya cika ma, a yawancin ƙasashe kotu ce ke fitar da mutum. Mai gida ba shi da hurumin canja kwado, ko cire ƙofa, ko yanke ruwa da wuta, ko watso kaya waje. A Ingila, a ƙarƙashin wata doka ta 1977, yin haka laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. To ki kwantar da hankalinki game da rana ta takwas. Idan har ya yi gangancin taɓa ƙofarki, ki ɗauki hoto, ki kira shaidu, ki kai ƙara a ranar.

Yanzu ƙawarki ta biyu. Maganarta ta fi daɗin ji, kuma ita ce ta fi haɗari.

Gaskiya ne ba a gindaya miki sharaɗin hana dabba ranar da kika shiga ba, kuma mutum ɗaya ba ya ƙara sharaɗi a yarjejeniyar mutum biyu dare ɗaya. Shirun da ya yi na sama da shekara biyu yana ganin kyanwar ma yana da nauyi. A birnin New York akwai doka tun 1983 da ta ce, a gini mai sassa uku ko fiye, idan ɗan haya ya ajiye dabba a fili har wata uku, mai gida ya sani bai kai shi kotu ba, to ya zubar da damarsa ta hanawa, ko da an rubuta hanin a takarda. Wasu ƙasashen sun wuce nan. Faransa tun 1970 ta soke sharaɗin hana dabbar gida a hayar mazauni, muddin ba ta ɓarna ba ta damun maƙwabta. Lardin Ontario na Kanada, a dokar haya ta 2006, ya ce irin wannan sharaɗi bai da ƙarfi. Babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke hukunci a 2013 cewa hanin kare da kyanwa na bai-ɗaya da ake bugawa a takardar haya bai halatta ba, sai an duba kowane gida da halinsa. Ingila kuma a 2025 ta zartar da sabuwar dokar 'yan haya da ta ba mutum damar neman izinin ajiye dabba a rubuce, mai gida ba zai ƙi ba sai da hujja mai ma'ana.

Sai dai waɗannan dokoki na wuraren da aka yi su ne. A wurare da yawa na duniya mai gida yana da ikon cewa ba ya son dabba a gidansa, kuma abin da ya fi muhimmanci a gare ki shi ne wannan: a hayar wata-wata, sau da yawa ba ya ma buƙatar ambaton kyanwa. Zai iya ba ki cikakken wa'adin da doka ta ce, ya ce yana son gidansa, shi ke nan. A jihohin Amurka da dama yana iya sauya sharuɗɗan zaman ta hanyar ba da sanarwar kwana 30 a rubuce. Rashin takardar da ya hana shi ɗaure ki, shi ne kuma ya hana ki ɗaure shi. Kina iya cin nasara a gardamar kyanwa a wannan watan, bayan wata biyu ki tsinci kanki kina ɗaure kaya. Shi ya sa nake so ki ɗauki doka a matsayin bangon da kika jingina da shi, abin da zai ba ki lokaci ya hana a wulaƙanta ki. Ainihin maganin kuwa yana wurin zama da mutanen nan biyu, mai gidan da maƙwabciyar.

Kafin in kai can, dabarun nan biyu da kika ambata, ki ajiye su duka.

Kyanwa ba ta ɓoyuwa. Za ta hau taga da hantsi ta kwanta a rana, kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Za ta yi kuka a bakin ƙofa idan ta ji takunki a waje. Gashinta yana jikin kayanki, ledar yashinta tana fita shara, kuma wadda ta kai ƙararki idonta na kan ƙofarki. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka gane, kin zubar da abu mafi ƙarfi da kike da shi, wato cewa ba ki taɓa ɓoye komai ba, da idonsa ya gani ya yi shiru. Daga mai gaskiyar da aka sauya wa sharaɗi kin koma wadda aka kama da yaudara, kuma ko alƙali ma da wannan idon zai dube ki. Ita kanta dabbar, rufe ta a ɗaki mai labule a sake, ana toshe mata baki duk lokacin da aka ji motsi, azaba ce. Kyanwar da ke cikin fargaba takan fara fitsari a inda ba ta saba ba, sai ki jawo ainihin ɓarnar da ake zargin ta da ita.

Riƙe kuɗin haya ya fi wannan muni. A yau mai gidan nan ba shi da wani laifi naki da zai nuna. Ranar da kika ƙi biya kin ɗora masa hujja a tafin hannu, domin rashin biya shi ne dalilin fitarwa da kusan kowace kotu ke karɓa ba tare da dogon bincike ba. Ki biya a ranar da kika saba, ta banki kamar kullum, ki rubuta sunan watan a wurin bayani. Idan ya ce kada ki turo, ki turo. Idan ya mayar miki, ki ajiye shaidar mayarwar, ki bar kuɗin gefe kada ki taɓa.

Abu na farko, tun daren yau, ki tattara shaidarki. Ki ciro bayanan banki na duk wata 28. Ki ɗauki hoton saƙonsa yadda kwanan wata zai fito, ki tura wa kanki ta wata hanya ko da waya za ta ɓata. Ki duba tsofaffin hotunanki, tabbas akwai wanda kyanwar take cikin ɗakin nan a makonnin farko, kuma waya tana ajiye ranar da aka ɗauka. Ki tuna wa ke wurin ranar da kika tare, wa ya taya ki shigo da kejinta ko kwandonta, wane maƙwabci ne ya taɓa ganin mai gidan yana tsaye ita tana gilmawa ta gabansa. Sannan da rana ki bi ɗakunan lungu-lungu kina ɗaukar bidiyo: ƙasa, bango, gindin ƙofofi, ragar taga. Ki duba da idon gaskiya. Idan akwai inda ta yakushe katakon ƙofa, ki gyara kafin kowa ya nuna miki.

Na san darajar irin wannan shaida da kaina. Na taɓa zama shekara huɗu a gidan wani dattijo ba tare da takarda ba. Abin da kawai nake da shi wani ƙaramin littafin rubutu ne mai shuɗin bango, duk wata sai in kai masa ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. Yakan yi mini dariya ya ce ban yarda da shi ba ne. Zuwa shafukan ƙarshe hannunsa har rawa yake, sa hannun ya koma kamar tafiyar tururuwa. Da ya rasu, magadansa suka zo da wata magana dabam game da abin da nake biya da abin da wai ake bi na. Ban yi musu da kowa ba, littafin na ɗauko na ajiye a gabansu. Babban cikinsu ya buɗe, ya ga rubutun mahaifinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ya ce a bar maganar. Dattijon mai magana ɗaya ne da gaske, kamar yadda naki ya ce shi ma haka yake. Amma mutum yana mantuwa, yana sayar da gida, yana mutuwa, kuma wanda zai gaje shi bai ji abin da kuka faɗa ba.

Abu na biyu, ki ba shi amsa a rubuce, kada ki bar saƙon nan a rataye har kwana bakwai su cika. Gajeriya, cikin ladabi, babu barazana babu ambaton kotu. Kamar haka: "Ranka ya daɗe, na ga saƙonka. Kamar yadda ka sani, da kyanwar nan na shigo gidan tun farko, kuma ba mu yi sharaɗin hana dabba ba. Idan akwai abin da ta yi da ya dami wani, ina so in sani domin in gyara. Ina roƙon ka ba ni lokaci mu zauna a wannan makon." Kin ga a layi huɗu kin rubuta tarihin zaman, kin nuna ba faɗa kike nema ba, kin kuma buɗe masa ƙofar da zai sauko ba tare da ya ji kunya ba. Idan ya amsa bai musa cewa ya san da ita ba, wannan ma shaida ce.

Abu na uku shi ne wanda na fi so ki ba ƙarfi, kuma na san shi ne mafi nauyi a zuciya: ki je wurin maƙwabciyar. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya yi shiru shekara biyu bai tashi rana ɗaya ya tsani kyanwa ba, an kai masa kuka ne, shi kuma ya ɗauki hanyar da ta fi masa sauƙi. Har yanzu ba ki san mene ne kukan ba, "na ji an ce" kawai kike da shi. Ki ƙwanƙwasa ƙofarta ki gaishe ta, ki ce kin ji kyanwarki tana damun ta, kin zo ki ji ta yaya. Kada ki je da fuskar wadda aka ci amanarta. Ita ma kuɗinta ta biya, tana da haƙƙin zama lafiya a inda take kwana.

Abin da za ta faɗa ba zai wuce 'yan abubuwa ba, kuma kusan kowanne yana da magani. Idan ta ce atishawa, ko ƙaiƙayin ido, ko ɗanta mai asma, ki ɗauki maganar da gaske, ba raki ba ne. Akwai wani furotin a yawun kyanwa da maiƙon fatarta, tana lasar jikinta yana bushewa a gashi, ya bi iska, ya manne a tufafi da labule, yana iya daɗewa watanni a wuri bayan kyanwar ta bar shi. Ga mai asma yana iya tayar da ciwo sosai. Tunda ba ɗaki ɗaya kuke ba, mafita ita ce kyanwar ta daina fita tsakar gida da baranda da matakala kwata-kwata, ki daina kakkaɓe bargonta a inda kowa ke wucewa, ki daina shanya shi kusa da shanyarsu.

Idan zarni ne, a nan sai kin yi wa kanki adalci, domin hancin mai kyanwa yakan saba har ya daina ji. Ki kira wata da ba ta zama da ke, ki ce ta shigo ta faɗa miki gaskiya. Fitsarin kyanwa yana da kauri, idan ya kwana yana sakin amoniya, wato wani sinadari mai zarni, kuma yana barin wani gishiri da ruwa da sabulu ba sa narkarwa, shi ya sa wari ke dawowa duk lokacin da wuri ya yi danshi. A kwashe kwanon yashinta kullum, a juye shi gaba ɗaya a wanke duk mako, a ɗaure ledar kafin a kai shara. Inda ta taɓa yi a ƙasa, a nemi ruwan wanki na musamman da ake yi domin fitsarin dabbobi. Kada ki goge da abin da ke da amoniya, warinsa yana kama da na fitsari a hancinta, sai ta koma wurin.

Idan kukan dare ne, tambayar ita ce ko an yi mata aikin hana haihuwa. Macen da ba a yi wa ba, idan lokacinta ya zo takan yi ta kururuwa dare da rana, abin yana dawowa duk bayan mako biyu zuwa uku, kuma muzurai na zuwa daga nesa su yi ta faɗa a kan katanga suna fesa fitsari a ƙofofin mutane. Mai yiyuwa ne ma zarnin da maƙwabciyar ke ji a ƙofarta ba na taki ba ne, na masu zuwa neman ta ne. Aikin da likitan dabbobi zai yi sau ɗaya yana kashe wannan duka. Idan kuma maƙwabciyar juna biyu gare ta, tana tsoron cutar da ake ɗauka daga kashin kyanwa, tsoronta yana da tushe, amma ƙwayar sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a kashin kafin ta iya kama mutum, kuma kyanwar da ba ta fita farautar ɓera ba ta cin ɗanyen nama ba kasafai take ɗauke da ita ba. Wanda ba ya taɓa kwanon yashin, da wuya ya ɗauki cutar daga wannan kyanwa. Wani lokaci kuma tsoro ne kawai, akwai mutanen da ko ido suka haɗa da kyanwa sai jikinsu ya ɗau rawa. Wannan ma ba abin dariya ba ne, kuma alƙawarin cewa ba za ta ƙara cin karo da ita a hanya ba ya isa.

Idan kika samu maƙwabciyar ta ce "in dai haka ne ba komai", rabin aikin ya ƙare, domin mai gidan zaman lafiyar gidansa yake nema.

Sauran rabin shi ne tsoronsa na kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila ya taɓa karɓar sashe daga hannun wani ya tarar fitsari ya ratsa katako ko siminti har sai da aka fasa aka sake. Wataƙila yana tunanin idan ya bar miki kyanwa, gobe wani zai shigo da babban kare ya ce ai ga wance. Ki je zaman da amsar waɗannan a hannu, kuma ki je da mutum ɗaya mai natsuwa wanda zai zama shaida. Ki gayyace shi ya shigo ya duba sashen da idonsa, gani ya kori ji. Ki nuna masa katin rigakafinta, musamman na ciwon haukan kare, idan babu ki je a yi mata kafin ranar. Sannan ki ce masa kina so a rubuta.

Abin da za a rubuta ba ya buƙatar turancin lauya, shafi ɗaya ya isa. Sunayenku, sashen da kike ciki, ranar da kika fara zama, kuɗin haya da ranar biya, wa'adin da kowa zai ba ɗan'uwansa idan za a rabu, da wanda gyaran me ke kansa. Sai sakin layi na kyanwa: guda ɗaya ce, ga kamanninta, ba za ta fita daga sashenki ba, ba za a ƙara wata dabba ba sai da izini, duk ɓarnar da ta yi ke za ki gyara, yana iya zuwa dubawa idan ya sanar da ke kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Wannan iyakancewa ita ce amsarsa ga mai kare na gobe. Idan kina da hali, ki yi tayin ajiye wani kuɗi a hannunsa saboda ɓarna, a rubuta adadinsa da sharaɗin mayarwa. Wasu ƙasashen sun sa wa irin wannan kuɗi iyaka, a Ingila alal misali tun 2019 ba ya wuce kuɗin hayar mako biyar ga yawancin gidaje, don haka kada ki bari a yanka miki abin da ya wuce hankali. Ku sa hannu ku biyu da shaidu, kowa ya riƙe kwafi.

A nan akwai tarko ɗaya da nake roƙon ki kiyaye. Mai yiyuwa ne da kin ambaci takarda ya ɗauko bugaggiya da ya saba ba mutane, a cikinta an rubuta ba a ajiye dabba, ya ce miki "sa hannu kawai, ai ke ban da ke". Kada ki sa. Abin da aka rubuta yana danne abin da aka faɗa, kuma da sa hannun nan kin shafe shirunsa na wata 28 da hannunki. Ko a soke layin ku sa hannu a gefensa ku biyu, ko a ƙara layin da ya ware kyanwarki a fili. Ki karɓi takardar ki tafi da ita gida ki karanta a tsanake, wanda ke da niyyar kirki ba zai hana ki kwana ɗaya ba.

Tun kafin zaman, ki samu lauya ko ofishin ba da agajin shari'a kyauta ko ƙungiyar 'yan haya a inda kike, ki yi musu tambaya uku: nawa ne wa'adin mai biyan wata-wata a nan, shin mai gida na iya sallama ba tare da dalili ba, kuma me doka ta ce game da dabbar da aka shigo da ita da saninsa. Zama ɗaya ya isa. Ba don ki je ki karanta masa doka ba, sai don ki san iyakar inda za ki iya tsayawa da inda ya kamata ki sassauta. Ki gaya musu cewa ba ya zaune a gidan, domin a wurare da yawa wanda ke raba kicin ko banɗaki da mai gida kariyarsa ta fi rauni, ke kuwa ba ki cikin wannan sahu. Wani zai iya ba ki shawarar ki nemo takardar likita ki ce dabbar ta lalura ce, tunda wasu ƙasashe kamar Amurka suna tilasta wa mai gida ya karɓi dabbar da ke taimaka wa mai naƙasa. Idan ba halinki ba ne, kada ki ara. Masu buƙatar wannan kariya da gaske su ke shan wahalar ƙaryar da wasu ke yi da ita.

Yana iya yiwuwa ki yi duk wannan ya ce a'a. Gidansa ne, kuma idan dokar wurinku ta ba shi dama, sai a rabu cikin mutunci. A lokacin abin da za ki nema shi ne cikakken wa'adinki a rubuce, da ƙarin wata ɗaya ko biyu idan zai yarda, da 'yar takarda daga hannunsa cewa kin zauna shekara biyu da wata huɗu ba ki taɓa latti ba kuma ba ki ɓata komai ba. Wannan takarda za ta buɗe miki ƙofar gida na gaba. A can kuma ki faɗi maganar kyanwa tun a gaisuwar farko, a rubuta ta kafin ki biya. Idan lokaci ya ƙure ba ki samu wuri ba, ki nemi 'yar'uwa ko ƙawa ta riƙe miki ita na 'yan makonni, ki kai ta da bargonta da kwanonta. Abin da ba zan so in ji ba shi ne an kai ta wani wuri an saki. Kyanwar da ta girma a ɗaki ba ta san neman abinci ba, ba ta san mota ba, kuma kin san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tauye wa haƙƙi. Amana ce Mama ta bar miki. Duk inda kuka koma, ki tsare ta a ciki aƙalla mako biyu kada ta kama hanyar tsohon gida.

Amma ban jin za a kai nan. 'Yar haya mai biya a kan lokaci wata 28 a jere ba abin da mai gida ke saki da wasa ba ne, ya san wahalar sashe ya zauna babu kowa, ya san wahalar wanda zai shigo ya fara ba shi haƙuri tun wata na biyu. Ki tura masa saƙon nan yau kafin ki kwanta. Gobe da yamma, idan kin ji maƙwabciyar ta dawo ta huta, ki rufe kyanwar a ɗaki ki je ki yi mata sallama.